Takalmi Ƙafa Ɗaya

Zuwa ga Kawu Baduku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta san ta yi laifi. Shekara huɗu ban rubuto ba, ban leƙo ba, kuma ba ni da bakin kare kaina. Yaya jiki, yaya shago, yaya Inna da ciwon gwiwarta? In ka manta mai rubutun, ni ce 'yar Yaya Babba wadda kakanku ɗaya da ita, wadda ka laƙaba wa Basilla tun ranar da na sace maka allurar ɗinkin fata na soke ta a kitsona. Na so in kira ka a waya, sai na tuna guduma ta cinye maka kunne, in an ce maka ina kwana sai ka ce ba a gama ba tukuna.

Mu nan muna lafiya, yara suna makaranta. Malam ne ya sha jinya. Ciwon suga ya kwantar da shi wata uku a asibiti, amma an sallame mu, jiki da sauƙi.

Likita ya ce kada ya ƙara sa takalmin kanti. Sai mai laushi, wanda ba ƙusa a jikinsa, ba ɗinkin da zai goge shi daga ciki, kuma da fili a wajen yatsu, don yanzu ko ɗan ƙwarzane ne ba ya warkewa da wuri a jikinsa. Na zaga kasuwa har na gaji ban samu ba. Malam da bakinsa ya ce tunda yake bai taɓa sa takalmi irin wanda ka ɗinka masa lokacin aurenmu ba, shekara shida yana tsayuwa da shi a gaban allo yana koyar da lissafi.

Don Allah Kawu ka ɗinka masa takalmi ƙafa ɗaya, baƙi. Ga zanen ƙafarsa ta hagu nan na sa a ciki. Direban da ya kawo maka wannan takarda duk Laraba yana bi ta ƙofar shagonka.

'Yarka,
Basilla

*

Zuwa ga Basilla,

Wa'alaikumus salam, ja'ira. Wasiƙarki ta same ni ina yanka ƙirgin saniya, na goge hannu a riga na karanta ta sau biyu, na uku kuma Innarki ta ƙwace. Ta ce ba ta yafe ba sai ta gan ki da ido. Ni na yafe, don ba ni da wurin ajiye fushi, fata ta cika shagon. Gwiwarta tana nan yadda take, ni kuma ban da kunne ba abin da ke damuna. Ki yi wa Malam sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ce.

Aikin na karɓa. Na riga na je wurin majemi na zaɓo fatar akuya baƙa da za ta zama saman takalmin, da ta tunkiya mai laushi da zan yi shafin ciki da ita. Sai da na murza guda goma sha ɗaya kafin hannuna ya yarda da ɗaya, har majemin ya ce ko surukin sarki zan yi wa. Na ce surukina ne.

Amma ke da iliminki, zane ɗaya tak kika aiko? Ai ƙafafun mutum ba sa zama daidai, kullum ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta. Kuma zanen nan ya ba ni dariya. Ni ba na zubar da ma'aunin kowa, duk suna nan a soke jikin ƙusa bayan ƙofa. Na lalubo na Malam na lokacin aurenku na ɗora sabon a kai, sai na ga tafin ya baje da kusan faɗin yatsa. Haka ƙafa ke yi in an jibga mata nauyin jiki gaba ɗaya. Ki ce wa Malam ya daina tsayuwar zakara da ƙafa ɗaya in ana auna shi, ya taka su duka biyun sosai.

Ga yadda za ki yi. Ki bari sai da la'asar, lokacin ƙafa ta gama kumburinta na yini. Ya tsaya a kan takarda, ki riƙe fensir a miƙe, kada ki karkata shi ƙarƙashin ƙafa. Sannan ki samu zare ki kewaya wuri uku: gindin yatsu, tsakiyar ƙafa, sai daga dunduniya zuwa wuyan ƙafa. Ki yanke kowanne daidai tsawonsa, ki yi wa na farko ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, na uku ƙulli uku, don kada in rikita su. Hagu da dama duka nake jira.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Muna lafiya, Malam ya amsa sannunka.

Na yi awon da la'asar yadda ka ce. Ga zare uku nan da ƙullinsu. Na hagun ya isa, Kawu, kada ka jira na dama. Ka yi haƙuri da gajartar takardar, direba yana tsaye a ƙofa.

Basilla

*

Basilla,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Malam, ga kaya nan a hannun direba, na naɗe su a tsohuwar jarida na ɗaure da igiya.

Tunda ƙyuya ta hana ki auna dama, kika ce na hagu ya isa, sai na yi dabararmu ta dukawa. Na kifa zanen hagun a kan fata na fitar da na dama, na ɗan ƙara masa sarari don yawancin mutane damarsu ta fi girma. In ya yi yawa a sa masa safa mai kauri.

Ki zura hannu ciki ki shafa. Ba za ki ji ɗinki ko ɗaya ba, duk na fitar da shi waje. Bakin kowace fata sai da na fere shi da aska har ya zama kamar takarda kafin na haɗa, don kada ya yi tudu. Ƙasan kuwa da gam da zare na kama shi, zaren na ja shi a kakin zuma don ruwa, ko ƙusa ɗaya ban buga ba. Kwana tara na yi a kansa, har mai jakar makaranta da ya riga ku kawo aiki ya zo sau biyu yana ɓata rai.

Kwana ukun farko ya riƙa sa shi awa ɗaya kawai, sai ki cire ki duba. Duk inda kika ga ya yi ja ki zana min wurin. In ya tsufa kuma ku aiko min in gyara. Ni ƙasan takalmi nake dubawa in gaya wa mutum irin tafiyarsa, mai sauri ne ko mai jan ƙafa, ko da ban taɓa ganinsa ba.

Allah ya sa ya kashe shi da yawo, ya dawo a ɗinka wani.

Kawunki

*

Basilla,

Ina gaishe ku. Mu lafiya lau, sai dai Innarki ta ishe ni da tambaya, ni kuma ba ni da amsar ba ta.

Yau mako bakwai da na aiko kaya. Duk Laraba ina fitar da benci ƙofar shago in zauna. Direba ya rantse min a hannunki ya ba da su. Tun daga nan shiru.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya tsaya min a rai. Na san hannuna ba kamar da ba ne, zare ma sai na fita haske nake iya zura shi. In takalmin ya matse shi ne, ko ya ji masa ciwo, don Allah ki faɗa min kai tsaye. Shekara arba'in ina wannan sana'a, an sha dawo min da aiki, ban mutu ba. Wata mata ta taɓa dawo min da jaka sau uku a kan launin da ita ta zaɓa da bakinta. Ƙorafi ba ya damuna, shirun nan ne yake hana ni sakewa, don na san abin da likita ya ce game da rauni a jikin Malam.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Jikinmu lafiya. Takalminka ba shi da laifi ko kaɗan, na hagun ya zauna masa kamar a jikinsa aka halicce shi, ko ja bai yi ba. Laifin nawa ne, kuma yau zan faɗe shi.

Kawu, Malam ba shi da ƙafar dama. An yanke ta a ƙasan gwiwa a wannan kwanciyar asibitin. Da na rubuta maka takalmi ƙafa ɗaya, ƙafa ɗayar nake nufi. Na san sarai cewa wurin mai takalmi ƙafa ɗaya hagu da dama ke nan, na san kalmar da ya kamata in rubuta ita ce wari. Na ɗora biro zan rubuta ta hannuna ya ƙi. Sai na ɓuya a bayan maganar da ke da fuska biyu, ina fatan ka gane ba sai na faɗa ba. Ka tambayi awon dama ma na sake zillewa.

Ranar da kayan suka zo muna falo, yara suka kai masa don ya kwance da kansa. Ya buɗe jarida sai ga su biyu a jere. Ƙaramar ta ɗauki na daman ta ce, "Baba, wannan na wa ne?" Ya dube ni ya ce, "Ba ki gaya masa ba." Na ce eh. Ya ce, "Ashe har kin fara jin kunyata a wurin danginki." Daga nan ya ɗauki sandunansa ya shige ɗaki.

Wallahi Kawu ba kunya ba ce. Ni na riƙe shi aka shiga da shi tiyata, ni nake wanke dungun safe da yamma. Gani nake in na rubuta a takarda na aika gida, shi ke nan abin ya tabbata. Na yi masa bayani ya ce ya ji, amma tun ranar maganarmu ba ta wuce ga ruwa, ga magani.

Asibiti sun ba shi ƙafar roba wata biyu da suka wuce. Sau ɗaya ya gwada ta, maɗaurin ya goge masa bayan gwiwa, ya jingine ta a bayan kwaba bai ƙara kallonta ba. Ko ƙofar gida ba ya zuwa. Abokan aikinsa in sun zo sai ya ce in ce yana barci. Ga shi makaranta ta aiko takarda: in bai koma aji farkon zango mai zuwa ba, za su yi masa ritaya. Saura mako shida. Mutumin da ko ranar hutu sai ya tara yaran maƙwabta ya ba su lissafi, in aka raba shi da allo ban san abin da zai rage ba. Ina jin tsoro, Kawu.

Warin daman yana kan tebur inda ya ajiye shi. Zan saci jiki in ɗauke in dawo maka da shi, ka yafe min wahalar banza da na sa ka.

Basilla

*

'Yata,

Na gaishe ki, na gaida Malam da kyau. Na karanta takardarki a ƙofar shago, na tashi na rufe shagon da rana tsaka. Innarki ta yi kuka, ni ma ban tsira ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne zancen tsayuwar zakara. Zanen ya faɗa min gaskiya ƙarara, tafi ya baje don shi kaɗai ke ɗauke da mutum, ni kuma na mai da abin wasa. Mai cika bakin yana karanta ƙafa, ga shi an ba ni karatu na faɗi. Ina roƙon Allah ya sa ba ki karanta masa wannan layin ba. Ke kuma ki daina cewa wahalar banza, kuma kada ki saci jiki ki ɗauke komai. Ɓoye-ɓoyen ya isa haka. Ki miƙa masa takardar da ke ƙasa, tasa ce.

Malam, surukina, sannu da jiki. Na yi maka kuskure ban sani ba, ka yafe ni. Ba zan yi maka wa'azin haƙuri ba, ka fi ni sani. Maganar sana'a zan yi maka.

Na ɗora awonka na yanzu a kan na lokacin aurenku. Hagunka tana bajewa don aikin biyu take yi. Duk laushin takalmin da na yi mata, in ta ci gaba da ɗaukar ka ita kaɗai wata rana za ta gaza, kuma ita ce ba mu da canjinta.

Warin daman da ke kan teburinka ba zai shiga ƙafar roba ba, ko ka gwada. Na ɗinka shi ne don ƙafa mai lanƙwasa, ita kuwa roba wuyanta a sandare yake. Sai na farke gaban har kusa da yatsu na sa masa maɗauri, ta yadda za a ajiye ta ciki daga sama. Tsayin dunduniya kuma dole ya dace da yadda asibiti suka saita ta, in ba haka ba za ta riƙa tura ka gaba ko baya. Wannan lissafi ne, ya fi ƙarfina, kai ne malaminsa. Maɗaurin da ya goge ka kuwa, in asibiti sun yarda, zan yi masa shafi da ragowar fatar tunkiyar nan.

Matarka kuma na san ta tun tana satar allura. In abu ya yi mata nauyi ɓoye shi take yi a jikinta ko da yana sukar ta. Ba kunyarka take ji ba.

In ka ga dama ka aiko warin da awo. In ba ka ga dama ba ka bar shi a teburin, ba ya cin abinci.

Kawunku

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna. Ni ne surukinka, jiki alhamdu lillahi. Ba ka yi min laifin da za ka nemi yafiya ba.

Layin zakara na karanta shi da kaina, don na sa ta kawo min wasiƙun duka. Shi ne abu na farko da ya ba ni dariya tun da na bar asibiti. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai, kai kaɗai ka zolaye ni, ko da yake ba ka sani ba.

Ka ce warin ba zai shiga ba ko na gwada. Ni kuma ba na karɓar amsa sai na bi hanyar da aka samo ta. Na sa aka ciro min ƙafar daga bayan kwaba, na yi ta fama da ita har na yi gumi. Gaskiyarka, bai shiga ba.

Jiya mun je asibiti, fitata ta farko tun da aka ba ni ƙafar nan. Sun ce tsayin dunduniya santimita ɗaya da rabi, kada ya wuce. Sun yarda da shafin, sun zana inda bai kamata ya yi kauri ba. Ga warin nan, da maɗaurin, da zanen ƙafar robar. Ni na riƙe fensir, ita ta riƙe ƙafar. Ban jira la'asar ba tunda wannan ba ta kumbura.

Ban yi maka alkawarin komai ba, Kawu. Ban san ko zan iya tsayuwa gaban yara arba'in suna kallon ƙafata ba. Sannan ina da ƙorafi a kan sana'arku. Shekara goma sha tara ina koya wa yara cewa ɗaya ɗaya ce, ashe a shagonka ɗaya biyu ce.

Surukinka,
Malam

*

Basilla,

Ina gaishe ku duka, ina gaida Malam. Innarki na gaisuwa, gwiwa ta ɗan lafa.

Wata biyar ke nan tun da na mayar muku da warin da maɗaurin. Layi ɗaya kika aiko cewa sun iso, daga nan ban ƙara jin ɗuriyarku ba. Farkon zango ya zo ya wuce ina lissafe da shi. Sau uku na fara rubuto tambaya ina yagawa, don na ce in labarin ba daɗi kada in tilasta miki faɗa. Bencin nan dai ya san ni duk Laraba.

Sai jiya direba ya miƙo min ƙunshi da 'yar takardarki mai layi biyu: "Kawu, a gyara wannan. Kuma a ɗinka masa wani ƙafa ɗaya." Na ce wannan yarinya ba za ta canza hali ba, ga ta ta sake dawo min da kalmar nan ba bayani.

Ban yi gaggawa ba wannan karon. Na fita haske na kifa su biyun a cinyata. Dunduniyar hagu ta ci, ta dama ma ta ci, har ta ɗan fi ta gefen waje, alamar yana jefa ta kaɗan in zai taka. Wannan zan gyara da ƙarin fata siririya. Gaban na hagun ya goge a zagaye, irin na mutumin da ke yawan juyawa a wuri ɗaya, ya fuskanci bango ya juyo ya fuskanci mutane. Sannan na ga wani farin gari ya cike ramukan ɗinkin sama, hagu da dama. Na sa bakin basilla na tono shi na murza a yatsa, har na ɗanɗana don in tabbatar. Alli ne.

Na daɗe zaune da su a cinya. Innarki ta leƙo ta ce me ya shiga idona, na ce ƙurar fata ce, ta ce shekara arba'in ba ta taɓa shiga ba sai yau.

Ba sai kin aiko bayani ba, na riga na yanka fatar, hagu da dama. Ki ce wa Malam tsohon zai dawo ranar Laraba, kada ya rasa na shiga aji. Allin kuma ban goge shi ba.

Kawunki